Hoton Inna Kaltume da Ɗanta na Fari

Shamsuddeen yana tsugune a ƙofar zauren gidansu a Bodinga, yana wanke kofunan da masu gaisuwar rasuwa suka sha ruwa da su, sai ya ji ƙira'a ta tashi daga ƙaramin rediyon mahaifinsa. Da farko bai kawo komai a ransa ba, don karatu ba baƙon abu ba ne a gidan da aka yi rashi. Sai da ya ɗauraye wani kofi ya kife sannan abin ya faɗo masa. Rediyon nan ai tun kafin azumi ya daina karatu, tun ranar da memorinsa ya karye.

Ya leƙa cikin zauren. Malam Maniru yana zaune a kan buzu, baƙi biyu a gefensa, rediyon a gabansa.

"Baba, sabon memori anka sawo maka?"

"A'a," in ji Malam Maniru, ko ɗago kai bai yi ba. "Ƙanwarka Safiya tat tsince shi ɗakinka, cikin akwatin ashana. Na ba Idi mai caji ya zuba min karatu."

Kofin da ke hannun Shamsu ya suɓuce ya faɗa cikin bokiti. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce masa sannu, bai ji ba. Abin da ke cikin memorin nan ba ya ko'ina a duniya sai can, kuma matar da ke ciki an riga an rufe ta a maƙabartar Horo Birni.

Matar ita ce kakarsa, Inna Kaltume, mahaifiyar Malam Maniru. A Lambara aka haife ta, aure ya kawo ta Horo Birni, ta zauna nan har ƙarshen ranta. Sana'arta gabu. Idan manoma sun cire albasa suka yanke lawashi suka watsar, ita ce za ka gani da buhu tana bi tana tarawa. Ta daka a turmi, ta dunƙule, ta shanya a kan rufin ɗaki, ranar kasuwar Shagari ta ɗora ƙwarya a ka ta kama hanya. Da gwiwoyi suka ƙi, mata suka koma biyo ta gida, don sun ce miyar da ba gabun Kaltume a ciki ruwan zafi ce kawai. Hannunta kullum warin albasa yake, jikoki suna tsokanar ta wai ko sabulun Makka aka kawo sai dai ya ƙare ya bar warin. Ita kuwa ba a kayar da ita a magana. Ta yi wa mai unguwa tsiya, ta yi wa direban motar kasuwa, ta yi wa liman in ya tsawaita salla. Duk garin an san bakinta.

Mutum ɗaya ne idan ya shigo gidan bakin nan yake mutuwa, shi ne ɗanta na fari.

Kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce, kuma ko a zamaninta mata da yawa sun sassauta ta. Kaltume ba ta sassauta ba. Ana yaye Maniru ta miƙa shi ga kakarsa, daga can kawunsa ya wuce da shi Sifawa karatu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "mutumin Bodinga". Ko yaron maƙwabta aka raɗa wa Maniru, a wurinta ya zama "mai sunan wancan". Idan ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya wa bango fuska ta ce "lahiya lau", ta shiga neman abin da bai ɓace ba. Abinci sai ta aika masa ta hannun Ladan, autanta, wanda take zagi da safe ta ba shi ƙanzo da rana.

Maniru ya girma, ya zama malamin islamiyya a Bodinga, ya yi furfura, bai taɓa kai kukan wannan ga kowa ba. In an yi zancen sai ya ce haka aka saba. Amma Shamsu, wanda shi ke tuƙa shi a babur, ya lura duk ranar da suka dawo daga Horo Birni Baba ba ya cewa uffan a hanya. Ya kuma taɓa ji yana ce wa mahaifiyarsu, da murya kamar ta wasa, "Ni ban sani ba ko Inna ta san kamannin huskata."

Hoto kuwa Inna ba ta yarda a yi mata. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce, "Ka ɗauke ni ka kai ni ina?" Hotonta ɗaya da dangi suka sani shi ne na katin zaɓe, inda ta runtse ido kamar za a yi mata allura.

A bazarar da ta wuce, Shamsu ya gama digirinsa yana zaman jiran a kira shi bautar ƙasa, sai aka aiko cewa ƙafafun Inna sun kumbura. Ya ɗauki Baba a babur suka tafi. Aka yi gaisuwar da aka saba, fuska ga bango. Bayan azahar zafi ya yi zafi, Malam Maniru ya zauna a rumfar tsakar gida, ya jingina da rumbu, ƙwaryar fura a gefensa, barci ya sace shi har hularsa ta zame ta faɗi.

Shamsu yana bayan zana, ya ɗaga waya sama yana farautar sabis, sai ya ga Inna ta fito tana jan ƙafa. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki hular, ta kaɗe ta a zaninta, ta ajiye masa a cinya. Maimakon ta koma, sai ta tsaya a kansa da faifai tana yi masa fifita a hankali. Ta zuba wa fuskarsa ido, irin kallon da mai jego ke yi wa jariri, leɓenta yana motsi. Shamsu bai san lokacin da ya juya wayar ya shiga dannawa ta kafar zana ba.

Ƙarar dannawar ce ta tona shi. Ta zagayo, idonta a waje, murya ƙasa-ƙasa don kada mai barci ya farka.

"Kai, angon banza! Mi kaka yi bayan zana kamar ɓarawon kaji?"

"Amarya, kishi nika yi. Ni ba ki taɓa yi min hihita ba."

"Kai da ko akuya ba ka da ita? Mu gani."

Ya nuna mata. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta daɗe tana kallo, kuma ya lura ba kanta take kallo ba. Ta kai yatsa ta taɓa gemun mutumin da ke barci a cikin gilashin, hoton ya zame wani ya fito, ta zabura.

"Goge shi."

"Ko yaji za ki yi, ba ni gogewa."

Ta ɗaga faifan kamar za ta maka masa, sai ta sauke. Can ta ce, "To ji nan. In dai ina numfashi, wancan ba shi ganin shi. Ba shi ba, ba uwarka ba, ba masu tura abu cikin waya ba. Ran da anka ruhe ni, ruwanka. Ce wallahi."

Ya ce wallahi.

Daga nan wahalarsa ta fara. Ya san wayarsa: gilashi a tsage, batir ya kumbura, tana mutuwa duk lokacin da ta ga dama. Ya kuma san gidansu. Waya a gidansu ta kowa ce. Ƙanwarsa Safiya tana ɗauka ta bi hotuna ɗaya bayan ɗaya, abin da ya burge ta sai a gan shi a zauren Wasaf na dangi. Baba ma yana ara in katinsa ya ƙare. Barin hotunan a ciki daidai yake da karya rantsuwa, kuma daidai yake da jiran ranar da wayar za ta mutu da su.

Kafin su bar Horo Birni ya haura tudun da ke bayan makarantar firamare, inda mutanen gari ke zuwa in za su yi kira, ya yi ƙoƙarin tura su ma'ajiyarsa ta intanet. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, rana tana dukan ƙeyarsa, wani makiyayi ya tsaya yana kallonsa da tausayi. Da sabis ya ga dama ya zo, sai saƙo ya fito wai ma'ajiyar ta cika. Ta cika da takardun lacca da babi-babin aikinsa na ƙarshe, abubuwan da ba zai sake buɗewa ba har abada. Ya ce bari ya share su ya samu wuri, sabis ya ɗauke. Ya sauko yana tsaki.

A hanyar komawa, da suka tsaya Shagari Baba ya shiga masallaci sallar la'asar, Shamsu ya yi sauri ya idar da tasa ya je teburin mai sayar da kayan waya ya sayi memori. A tsaye a wurin ya kwashe hotunan ya mayar ciki, ya buɗe su ya tabbatar sun shiga, sannan ya goge na wayar tas, har kwandon sharar ya zazzage. Ya hau babur yana jin kansa mai dabara. Da suka iso gida ya saka memorin a cikin wani akwatin ashana da babu komai, ya ɗora a saman ƙofar ɗakinsa, inda ya tabbata ba mai kai hannu.

Niyyarsa ya kwafe su a kwamfutar abokinsa Kamal in ya shiga Sakkwato. Ya shiga sau ɗaya, ya manta akwatin a gida. Da ya sake shirin zuwa, Kamal ya ce masa unguwarsu ba wuta kwamfutar ta mutu. Ya ce gobe, ya ce jibi. Ruwan farko ya sauka, aka shiga shuka, sai ga waya daga Ladan cewa Inna ta cika.

A wurin jana'iza, yana kallon Baba tsaye a bakin kabari idonsa a bushe, abin da ya riƙe Shamsu shi ne akwatin ashanar nan. Ya tsara komai a ransa. Zai bari baƙi su ragu, ya shiga Sakkwato a wanke masa hoton babba a saka a gilashi, ya kawo ya ajiye a gaban Baba ba tare da ya ce komai ba.

Yanzu ga memorin can a zaure yana karanta Suratu Maryam.

Ya bar kofunan ya ruga cikin gida. Saman ƙofa ba komai sai ƙura. Safiya tana gindin murhu tana tuƙa tuwon baƙi, hayaƙi ya sa ta hawaye.

"Wa ya ce ki shiga ɗakina?"

"Ashana nika nema, Yaya, wuta ta mutu. Na girgiza na ji abu na motsi, na buɗe, ba ashana ba ce. Baba kau kullum shina cigiyar memori."

"Ba ki iya tambaya?"

"Kana Horo Birni wurin Kawu Ladan, in tambayi wa? Kuma don Allah wa ka aje memori cikin ashana in ba kai ba? Mi ac ciki ne, hoton budurwa?"

Bai tsaya ba ta amsa ba. Ya fita ta ƙofar baya, ko takalmi bai daidaita ba, ya nufi rumfar Idi mai caji a bakin titi. Janareto yana ta ruri, wayoyin unguwa jere a kan katako kowace da lambarta, Idi yana zaune gaban tsohuwar kwamfutarsa yana cin gyaɗa.

"A'a, mai digiri! Ya ƙarin haƙuri? Allah shi jiƙan tsohuwa."

"Amin. Idi, memorin da Baba ya kawo ma, abin da ke ciki hwa?"

"Na wanke shi tas."

"Ka wanke?"

"Duk memorin da ya shigo wagga rumfa sai na wanke shi kahin in zuba komi. Bairos, cutar waya, mai digiri! Kai da ka yi boko ai ka hi ni sani."

"Ba ka buɗe ka ga mi ac ciki ba? Ba ka aje ko'ina ba?"

Idi ya dafa ƙirji, ransa ya ɗan ɓaci. "Ni? Ni ba ni duban sirrin mutane. Tambayi duk Bodinga. Matan aure na kawo min waya nan, ban taɓa buɗe hoton kowa ba." Ya jefa gyaɗa a baki. "Kuma Malam, ina girmama shi. Ya ce in sa mai ƙira'a, ni kau na cika mai shi har baki. Tafsiri, wa'azi, duk na ƙara mai, don gidan rasuwa ne."

Har baki. Shamsu ya san ma'anar wannan. Abin da aka goge kawai ana iya tono shi, amma wanda aka zuba wani abu a kansa ya danne shi, sai ikon Allah. Ya tsaya yana kallon Idi, yana neman abin da zai zage shi da shi, ya rasa. Mutumin kirki ya yi. Safiya ma kirki ta yi. Baba karatu yake so a yi wa mahaifiyarsa. Duk inda ya juya da fushinsa ba wanda zai sauke wa, sai ya dawo masa.

Saura abu mafi wuya. Ya jira baƙi suka watse, rana ta yi sanyi, ya shiga zaure ya durƙusa.

"Baba, don Allah a kashe rediyon. Memorin nan nika so."

Malam Maniru ya kashe, ya dube shi. Shamsu ya faɗa masa komai: barcin, hular, faifan, kallon, rantsuwar da aka sa shi, da yadda ya yi ta fama a kan tudu. Baba bai katse shi ba. Da ya gama, dattijon ya yi ɗan murmushi, ya gyara zaman hularsa.

"Allah shi yi ma albarka, Shamsu. Na san so kake ka sanyaya min rai."

"Baba, wallahi da idona na gani."

"Bar rantsuwa. Inna ce hwa. Ni na san Inna. Halan Ladan ka gani tana yi ma."

"Kawu Ladan ba shi gida ranar, ya tahi kasuwa."

"To ba ka ce akwai hura kusa gare ni ba? Ƙuda taka kora ga hurar. Inna ba ta son a yi ɓarnar abinci."

Furar tana nan, gaskiya ne. Faifan ma a kan furar zai iya zama. Abin da zai raba gardamar shi ne inda idonta yake kallo, kuma wannan ba a faɗar sa da baki. Ga shi an zuba tafsiri a kai.

Malam Maniru ya juya rediyon, ya sa farce ya zaro memorin da kansa. Ya daɗe yana juya ɗan abin a tafin hannunsa, kamar mai mamakin ƙanƙantarsa. Ya yago gefen wata takarda ya naɗe shi, ya miƙa.

"Je ka gwada, tun da ranka na so."

Washegari Shamsu ya shiga Sakkwato. Kamal ya raka shi shagon wani mai gyara, Abdulrazak, wanda aka ce yana dawo da abin da ya ɓace a waya. Abdulrazak ya saurari labarin yana kwance wata wayar, da aka zo wurin "har baki" sai ya ajiye abin kwancewar ya girgiza kai.

"Da wanke shi kawai anka yi, da yanzu ka tahi da hotunanka. Amma an yi shuka bisa shuka. Sai dai in akwai lungun da karatun bai kai ba. Bar shi nan, aiki ya yi min yawa, zan kira ka."

Bai kira ba. Shamsu ne ya yi ta kira. Yau a ce ba wuta, gobe a ce injin yana kan aikin wani, jibi wayar a kashe. Ya daina cin abinci sosai, in waya ta yi ƙara sai ya yi wuf ya duba, ya ga kamfanin layi ne ke tallar waƙa. Safiya ta daina yi masa magana sai ta kama dole, tun da ta ji abin da ke cikin akwatin ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Ran nan da hantsi sai ga saƙo daga Abdulrazak, hotuna uku. Na farko tarin albasa ne a bakin hanyar Shagari. Na biyu akuyar Ladan. Na uku Shamsu ya gane shi tun kafin ya gama buɗewa: ga rufin rumfa, ga kan rumbu, ga ɗankwalin Inna mai ruwan ƙasa ya sunkuyo, ga goshinta. Daga girarta zuwa ƙasa kuwa babu komai sai fili mai ruwan toka, kamar an shafe da siminti. Ba idonta, ba faifai, ba Baba.

Ya kira nan take. Abdulrazak ya ce kada ya karaya, tun da ya danna fiye da sau ɗaya, wataƙila cikin sauran akwai wanda ya tsira. Akwai wata manhaja da zai karɓo wurin wani abokin sana'arsa ya sake bi da ita, amma ba ya yi masa alkawarin komai.

Shamsu bai nuna wa Baba rabin hoton ba. Ya tura shi imel ɗinsa, ya tura wa Kamal, ya kwafe a wayar Safiya, ya ajiye goshin Inna a wuri uku, yana yi yana jin haushin kansa.

Malam Maniru bai sake tayar da zancen ba. Bai kuma sayi wani memorin ba, ko da Idi ya aiko cewa a kawo ya zuba masa kyauta. Rediyon yana kan taga a zaure, shiru. Sai dai kullum da safe, in ya sallami ɗalibai ya dawo, yakan tsaya a ƙofar ɗakin Shamsu yana gyara takalmi, fuskarsa tana kallon wani wajen, ya ce, "Mutanen Sakkwato shiru?"

Shamsu ya ce, "Shiru, Baba."

Memorin yana shagon Abdulrazak. Har yau bai kira ba.